Sandar hannun baya ta ƙi fita: kwana 16 babur na kwance a tsakar gida

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Tun bayan damina babur ɗina yake rawar ƙugu. In na shiga yashi a hanyar makarantar da nake koyarwa, can ƙetaren Gulbin Maraɗi, sai in ji gaba ya kama tasa hanyar, baya ma ya kama tasa. Wata uku ina ɗora wa yashi laifi. Shekaranjiya na ɗaure sarƙa, jiya ta sake saki. Yau da safe na ɗora shi bisa ƙafar tsakiya, na kama tayar baya da hannu biyu na girgiza hagu da dama. Ashe hannun bayan ne gaba ɗaya yake kaɗawa tun daga gindinsa.

Ga wanda bai taɓa kwance babur ba: hannun baya shi ne ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ya rungumi tayar baya, shokozoba biyu na tsaye a kansa. Ta gaba yana da bututu a kwance, wanda ya shiga tsakanin kunnuwa biyu na shasi. Sanda guda ce ta ratsa su duka, kanta a hagu, noti a dama. Makanikan garin nan aks suke ce mata, masu kawo kaya daga Kano su ce shaf. Ni sanda zan ce. A kowane bakin bututun akwai bushi, wato roba da aka matse tsakanin zoben ƙarfe na waje da ɗan bututun ƙarfe na ciki. Robar ce ta mutu. A lissafina aikin awa biyu ne: a zare sanda, a fitar da tsofaffin bushi, a buga sababbi, in kai uwargida kasuwa da la'asar.

Na cire taya, shokozoba, murfin sarƙa da sandar birki, na jera notuna cikin tsohon kwanon sha. Notin sandar, lamba 22, ya kwance ba gardama, har na ce yau da sa'a na tashi. Na mayar da shi daidai bakin sandar don kada haƙora su lalace, na ɗan buga da guduma. Shiru. Na ƙara ƙarfi. Guduma ta dawo mini kamar na bugi tayar tirela.

Har aka kira magariba ko gashi ɗaya ba ta motsa ba. Uwargida ta hau kabu-kabu.

Lahadi, 12 ga Janairu

Na cire tanki da batir, na juye man inji cikin galan, na kwantar da babur ta gefen hagu bisa tsohuwar katifa, bakin sandar na kallon sama. Na sayi gwangwanin man fesawa mai sassauta tsatsa, jika 3 (sefa dubu uku), na fesa ta bakin sanda da ta tsagin da ke tsakanin kunnen shasi da hannun baya. Duk bayan awa guda in ƙara.

Bayan azahar na sa sifana 19 a kan sandar, na zura bututun famfo a bakin sifanar don in sami tsawo, na danna. Ta juya! Na kusa yin guɗa. Ina sakin hannu sai ta koma inda take, a hankali, kamar ƙofar da aka ɗaura wa roba. Na sake, ta sake komawa. Nan jikina ya yi sanyi, don na gane abin da ke ciki. Sandar ta haɗe da bututun bushi na ciki, sun zama abu ɗaya. Abin da nake murɗawa robar ce. Kuma ita ce jiya take shanye bugun guduma tana mayar mini da shi.

Ba sai an yi duba ba a san dalili. Na sayi babur ɗin nan sabo a 2017, ɗan China mai inji cc 125, kuma tun ranar ba wanda ya taɓa kwance sandar nan. Daga kamfani ma da ƙyar in ta ga giris. Sai ga daminar 2024, wadda duk ɗan Maraɗi ya san irin ruwan da aka sha a ƙarshen Agusta. Sau nawa na kutsa ruwa har gindin inji, ban ƙirga ba. In na dawo da laka kuma sai in kai wa yara masu wanki, su kafa bakin tiyo mai ƙarfi daidai wurin nan, ni ina gefe ina jin daɗin babur na ƙyalli. Ruwa ya shiga, ba ƙofar fita. Ita kuwa tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma, ninki biyu ko fiye. Tazarar da ke tsakanin sanda da bututu ba ta fi kaurin takarda ba, to in tsatsa ta cika wurin tana neman ƙari, ai ta zama siminti.

Sai na yi wautar da zan daɗe ina biya. Haushi ya kama ni, na ce notin ne ke rage wa bugu ƙarfi. Na cire shi, na ari babbar guduma wurin maƙwabcina mai fasa dutse, na sauke wa bakin sandar kamar sau talatin. Da na tsaya shan iska na duba: bakin ya baje ya yi hula, haƙoran farko sun lanƙwashe, noti ba ya ko shiga.

Talata, 14 ga Janairu

Akwai wani dattijon makanike a unguwarmu, kusa da masallacin da muke salla. Tun zamanin da Mobylette ke yawo a garin nan yake wannan sana'a, yanzu yaransa ke aikin, shi yana zaune kan benci yana nuni da baki. Baba muke ce masa. Bayan la'asar na roƙe shi ya leƙo. Ya zo, ya gaisa da mutanen gida, ya tsuguna da ƙyar. Bai taɓa sifana ba. Babban yatsa kawai ya ɗora a bakin sandar ya shafa. Mushe yake ce mini, kamar yadda ake kiran malamin makaranta a nan.

"Mushe, wa ya yi wanga aiki?"

Na ce ni ne, Baba.

"Da mi?"

Na nuna masa gudumar. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "Dutsi kake fasawa?" Sannan ya miƙe yana dafa gwiwa ya ce, "Yanke ta. Zarto biyu, yamma biyu, ka huta."

Na ce Baba, sandar asali ce, ƙarfenta mai kyau ne, waɗanda ake sayarwa yanzu da yawansu kamar kwano suke. In na gyara bakin da magagari, haƙoran baya suna nan, za ta koma. Ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a." Ya sha ruwan da aka kawo masa ya tafi. Bai yi gardama ba, kuma abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Ina da hujjata, kuma har yanzu ban ce ƙarya ce ba. Na taɓa ganin sabuwar sanda ta lanƙwashe a babur ɗin wani ɗan kabu-kabu wata biyu da sa ta. Amma in zan faɗi gaskiya, akwai rowa a ciki, akwai kuma girman kai. Mutumin da ke koya wa yara lissafi ba ya son a ce guntun ƙarfe ya fi shi dabara.

Da dare a majalisar shayi kowa ya zama injiniya. Wani ya ce man birki. Wani ya ce kananzir da gazuwal rabi da rabi. Wani ya rantse da Coca-Cola, wai a kwana ana zubawa. Wannan ba tatsuniya ce zalla ba, don akwai ɗan sinadarin fosforik a cikinta, mai cin tsatsa, sai dai kaɗan ne ƙwarai, kuma ban shirya tara tururuwa a tsakar gida ba. Na ɗauki shawarar gazuwal da kananzir. Na yi wa bakin sandar ɗan kasko da yumɓu, na cika shi, don man ya kwana yana tsiyaya ciki.

Laraba, 15 ga Janairu

Man da ke kaskon ya ragu. Na ce ya shiga. Na murɗa, roba ta mayar. Na ɗiga man birki kuma, ya gangara ya cinye fentin shasi, ya bar tabo kamar taswirar wata ƙasa.

Kwana uku ke nan ina hawan kabu-kabu zuwa bakin Gulbi, in ƙarasa da ƙafa cikin sanyin hunturu. Yaran aji sun fara tambaya ko an sace babur ɗin Mushe.

Juma'a, 17 ga Janairu

Bayan an sauko daga masallaci na ari fitilar gas wurin mai gyaran firij. Na fitar da tanki da galan ɗin mai can bayan gida, na cire kafireta, na janye wayoyi na naɗe su da jiƙaƙƙen tsumma, na ajiye bokitin ruwa da na yashi kusa. Wannan kam ban yi wasa da shi ba.

Dabarar wuta sananniya ce: ƙarfe na buɗewa in ya ji zafi, to in bututun ya riga sandar yin zafi sai ya ɗan saki, tsatsa ta tsage. Na zauna na yi lissafin a bayan littafin darasi. Sandar milimita 14 ce. Ƙarfe mai wannan kauri, in zafinsa ya ƙaru da digiri 300, abin da zai ƙaru bai wuce 0.05 na milimita ba. Ko wannan ɗin ma sai in bututun kaɗai ya yi zafi, sandar na sanyi, alhali a manne suke. Ga kuma roba ta kewaye bututun kamar bargo, ta hana wuta isa gare shi. Lissafi ya gaya mini ba riba. Na rufe littafin na kunna wuta.

Minti biyar roba ta kama. Baƙin hayaƙi mai kauri ya turnuƙe tsakar gida, ga wanki a kan igiya. Uwargida ta fito daga madafa tana tari, ta tsaya ta dube ni, ta ce, "Malam, gidan za ka ƙona mana saboda jika biyu?" Ban san inda ta ji farashin ba. Ina zargin matar Baba.

Da ya huce na tono ragowar robar dama da waya, ta fito gari-gari kamar gawayi. Na yi wa ta hagu ma haka, tunda an riga an ɓata wanki. Yanzu sandar tana juyawa zagaye cikakke, har da yatsa biyu. Amma fita, a'a. Sai a nan na ga hoton sosai. Bututun da ya manne mata ya fi ramin kunnen shasi faɗi. Tamkar zobe ne a yatsa, kana son zare yatsan ta ramin da zoben ba zai bi ba. Duk bugun da na yi ranar Lahadi, abin da roba ba ta shanye ba, bututun ya kai wa kunnen hagu. Na sa ma'auni tsakanin kunnuwan: sun buɗe da kusan milimita 3. Watau ba sanda nake fitarwa ba, shasi nake lanƙwasawa.

Asabar, 18 ga Janairu

Tunda turawa na ɓata shasi, sai a jawo. Na kwana ina zana abin. A liƙa wa kan sandar dogon ƙarfe mai haƙora, a zura guntun bututu mai faɗi ya haɗiye kan, bakinsa ya tokare kunnen shasi ta waje, a rufe ɗaya bakin da washa mai kauri, a sa noti a ɗaure. Ta haka kunnen yana tsakiya: bututuna na danna shi ta waje, bututun bushi na danna shi ta ciki, ba inda zai lanƙwashe, ƙarfin duka ya tafi kan tsatsa. Har yanzu ina ganin dabara ce mai kyau. Da ita na fara ranar farko, kafin guduma, wa ya sani.

Na goge hular bakin sandar da magagari har ta koma daidai, don kada ta maƙale a rami in ta taso. Muka ɗora babur a amalanken jaki ni da ƙanena, ba tayar baya, yara na bin mu suna dariya har wurin mai walda. Ya liƙa ƙarfen, milimita 16. Na shafa wa haƙoransa giris na fara ɗaurewa.

Da farko da hannu ɗaya. Sannan da hannu biyu. Sannan da bututun famfo. Ƙanena ya riƙe shasi, mai walda na ɗan ƙwanƙwasa ɗaya bakin da ƙaramar guduma don girgiza ta taimaka. Noti na shiga, yana shiga. Na auna tsawon ƙarfen da ya fito bayan noti: ya ƙaru da milimita 3. Na ce alhamdu lillahi, ta taso. Mai walda ya leƙa ta dama ya ce, "Mushe, nan fa ba abin da ya motsa." Muka kwance. Washar ce ta lotsa ta zama ƙoƙo.

Muka ninka washa uku. Wannan karon ba lotsawa. Na hau bututun da nauyina duka, sai ji muka yi ɗas, na tafi da baya na zauna cikin tarin guntayen ƙarfe. Walda ta ɓalle. Ya sake liƙawa, ya zagaye ta sau biyu. Karo na uku haƙoran dogon ƙarfen ne suka zube, noti ya riƙa juyawa a banza.

Kuɗin walda jika 1 da rabi, amalanke zuwa da dawowa jika 1, wando ɗaya ya yage. A hanyar dawowa sai da muka bi ta gaban garejin Baba, ba wata hanyar. Yana kan bencinsa. Ya ɗaga hannu ya ce, "Sannunku da aiki." Shi ke nan abin da ya ce.

Litinin, 20 ga Janairu

Na sayi zarto.

Tsagin da ke tsakanin kunnen shasi da hannun baya ba ya ɗaukar zarto da marikinsa, sai ruwan zarton kaɗai. Na naɗe gefe ɗaya da tsumma da robar tayar keke, na juya haƙoran suna kallona don ya riƙa ci in na jawo, saboda in turawa ce siririn ƙarfen lanƙwashewa yake ya karye. Ta dama na fara, inda tsagin ya buɗe. Amfanin babbar guduma ɗaya ke nan a duk wannan tafiya: ita ta buɗe mini wurin da zarto zai shiga.

An ce in kai a yanka da injin yankan ƙarfe, minti biyu an gama. Na ƙi. Faifan injin ba ya tambaya, in hannu ya goce kaɗan ya ci kunnen shasi, kuma kunnen nan shi ne ba a sayarwa a kasuwa. Na tura siririn gwangwani tsakanin zarto da kunnen don ko zarton ma kada ya goge shi.

Matsala ta farko: sandar na juyawa tare da zarto, tunda na ƙone robar da ke riƙe ta. Sai da ƙanena ya kama ragowar ƙarfen walda da sifana ya tokare da ƙafa. Ta biyu: ruwan zarto na dala 50 (sefa 250) da na saya guda biyu, na farko ya yi santsi kafin ya ratsa bututun bushi, na biyu ya karye. Na koma na sayi mai tsada, irin mai haƙora 24 a inci, wanda bakinsa ƙarfe daban ne da jikinsa. Jika 1 guda. Bambancin a kunne ma ana jin sa. Na arha kuka yake, wannan kuwa gurnani yake yana zubar da gari.

Tafiyar zarton ba ta fi tsawon yatsa ba, gaba da baya. Ɗigon mai, ja, ja, ja, hutu. Garin da ke zubowa da fari ja ne, sannan ya koma fari mai ƙyalli, na san na shiga jikin sandar. An ɗauke wuta wajen ƙarfe takwas, ƙanena ya riƙe sifana da hannu ɗaya, fitilar waya da ɗaya. Ƙarfe goma saura ta rabu. Guntun bakin ya faɗo cikin tafin hannuna da ɗuminsa.

Laraba, 22 ga Janairu

Jiya ban iya riƙe alli sosai ba, yatsu uku sun yi ƙuraje. Yau na yi hagu. Nan ba tsagi, bututun ya lafe da kunne, sai da na buga bakin sukuddireba biyu na buɗe wuri. Awa biyu da rabi, ruwan zarto ɗaya. Kan sandar ya fito da ƙarfen waldarsa, hannun baya ya sauko ƙasa da kansa.

Zarto biyu, yamma biyu, in ba a ƙirga na arha ba.

Na ɗaga hannun bayan a hasken fitila na duba inda na yanka. Fuskar ƙarfen sumul, tana ƙyalli. Sai ka ƙura ido za ka ga wani siririn da'ira mai ruwan ƙasa, kamar an zana da bakin allura. Iyakar sanda da bututu ke nan. Wannan ɗan layin ne ya riƙe ni kwana 12.

Alhamis, 23 ga Janairu

Na kai wa Baba hannun bayan, ban ce komai ba, shi ma bai ce ba. Ya kira wani yaronsa ya ce ya raka ni wurin masu gyaran manyan motoci a hanyar Ɗan Isa. Da yake roba ta ƙone, ragowar sandar da bututunta sun zaro daga hannun bayan da ɗan ƙwanƙwasa kaɗan. Aikina ya ƙare a nan, jefarwa ya rage. Amma ina son in ga abin da ke ciki. Masu gyaran suna da jak na tan 20 da suka kafa cikin ƙaton firam na ƙarfe, da shi suke fitar da bushin manyan motoci. Na roƙa aka ɗora.

Bututun uku ne ashe: na bushi biyu a gefe, da dogo ɗaya a tsakiya wanda ke hana kunnuwan shasi matsowa in an ɗaure noti. Yaron ya riƙa buga jak har hannun ya yi masa nauyi, ya rataya a kai. Sai ƙara kamar an harba bindigar toka. Kowa ya waiwayo. Sandar ta sauka da kaurin yatsa, daga nan ta riƙa tafiya tana kuka.

Abin da ya zubo busasshen gari ne ja, kamar dakakken barkono. Busasshe ƙarƙaf. Man fesawa na jika 3, gazuwal, kananzir, man birki, kaskon yumɓu, duk abin da suka jiƙa bai kai tsawon farce ba daga baki. Kuma ba ƙarƙashin bushi abin ya fi muni ba, a tsakiya ne, cikin dogon bututun, inda ruwa ya samu ɗaki ya zauna. A nan sandar ta rame, ta yi ramuka kamar gara ta ci itace. Na auna wuri mafi siranta: milimita 12 da ɗan kai. Sandar asalin da na yi kwana da kwanaki ina karewa ke nan. Ko da ta fito lafiya ranar farko, ba mai hankalin da zai mayar da ita ya ɗauki matarsa a baya.

Na kai wa Baba ya gani. Ya juya ta a hannu, ya kankare da farce, ya miƙo mini ya ce, "Aje ta cikin aji, ka nuna ma yara."

Zoben bushi na waje su ma sun kama bututun hannun baya. Waɗannan ba wuya: a zura zarto cikin rami a tsaga zoben a tsaye, a kula kada a ci bututun, a sa bakin ƙarfe a naɗe shi ciki, ya faɗo. Minti ashirin duka biyun. Na goge ramin da takardar yashi.

Asabar, 25 ga Janairu

Kasuwa da safe, da guntayen tsohuwar sanda a leda don gwaji. Mai kayan babur ya fito da iri biyu. Ɗaya jika 1 da rabi, tana ƙyalli kamar cokali, ba rubutu a kanta. Ɗaya jika 2 da rabi, launinta a dushe, an buga 8.8 a kai. Lambar nan ma'anarta ƙarfen na ɗaukar kusan kilo 80 a kan kowane murabba'in milimita kafin ya tsinke. Amma bugun lamba ba wuya gare shi ba, don haka na zo da magagari a aljihu. Na nemi izini na ɗan goga gefen kan kowacce. Mai ƙyallin ta ci kamar sabulu. Ɗayar ta yi tauri. Na ɗauki mai tauri, da bushi biyu jika 2, da noti mai roba a baki wanda ba ya kwancewa da kansa. Dogon bututun tsakiya ba a samu ba, sai da mai injin sassaƙa ƙarfe ya yanko mini daidai tsawon tsohon, jika 1.

Bushi biyun na ba mai sayar da ƙanƙara ya jefa mini cikin firiza awa biyu, hannun bayan kuma na shanya shi a rana. Sanyi ya ɗan tsuke waɗannan, zafi ya ɗan buɗe wancan. Ban buga da guduma ba. Na zura dogon ƙarfe mai haƙora ta ciki, washa da soket a kowane gefe suna danna zoben waje kaɗai, na ɗaure a hankali har na farko ya zauna. Na tuna da bututun tsakiya kafin in sa na biyu, da ƙyar, ƙanena ne ya gan shi a ƙasa ya ce, "Yaya, wannan fa?"

Kunnen hagu Baba ya zo da kansa ya mayar. Ya sa dogon ƙarfen nan ta ramukan biyu, ya ɗaure kaɗan, ya kwance, ya auna, ya sake, sau huɗu, har hannun baya ya shiga da ɗan turi. Sannan ya karɓi sabuwar sandar, ya lakato giris da yatsa ya shafe ta tun daga wuya har haƙora, ya tura wani cikin bututun, ya goge wanda ya taɓa roba, don giris na cin roba. Ta shige da tafin hannu.

Na ɗauko sifana zan ɗaure, ya riƙe hannuna. Ya ce a mayar da shokozoba da taya tukun, a sauke babur ƙasa, in hau in zauna, sannan a ɗaure. Bushin roba ba juyawa yake kan sanda ba, murɗewa robar take yi in hannun ya hau ko ya sauka. In ka ɗaure taya na rataye a sama, da ka zauna robar ta riga ta murɗe, haka za ta yi ta zama cikin wahala har ta tsage. Na zauna a kai, ya ɗaure da hannunsa. Na miƙa masa jika 2, ya ɗauki ɗaya ya ce a saya wa yara goro.

Lahadi, 26 ga Janairu

Mai, batir, tanki, kafireta. Bugu na huɗu ya tashi. Na daidaita sarƙa, na duba alamomin gefe biyu na tayar baya sun yi daidai, na gwada birki a ƙofar gida.

Na bi kwalta har Tibiri na dawo, sannan na gangara Gulbi ta hanyar makaranta, inda yashi ya fi zurfi, tsakanin garake. Baya na bin gaba. Na saki hannu ɗaya a kan kwalta, bai karkata ba. Da na dawo na ɗora shi bisa ƙafar tsakiya na girgiza taya: tsit. Na sake gwada notin, bai saki ba.

Na haɗa lissafi a bayan littafin nan. Kayan da babur ke buƙata tun farko, sanda, bushi, bututu, noti da zarto mai kyau: bai kai jika 9 ba. Man fesawa, gas, walda, amalanke, zarton banza da kabu-kabun mako biyu: jika 17 da rabi, ban da wando da wankin da aka sake. Uwargida ta nemi ganin takardar, na ce tana makaranta.

A cikin murfin batir na rubuta da fenti: sanda, giris, Janairu 2025. Zan sake zare ta a watan Yuni kafin ruwa ya sauka, da kuma Oktoba in ya ɗauke. Sarƙar dai ta riga ta ci wuya, wani wuri a ɗaure wani wuri a sake, haƙoran farantin baya sun kwanta gefe ɗaya. Sai albashi ya shigo. Kuma ɗazu da nake goge hannu na ga mai na tsatsafowa a shokozoban gaba na hagu.